Matafiyan Da Nake Bin Sawunsu

A ajin adabi an koya mana cewa rubutaccen adabin Hausa ya kasu gida uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Idan aka zo kan zube kuwa, yawancin lokacinmu yakan ƙare ne a kan ƙagaggun labarai, tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki har zuwa littattafan soyayya na kasuwar Kano. Amma akwai wani reshe na zube da ba kasafai muke tsayawa a kansa ba, shi ne labaran tafiye-tafiye, inda mutum zai bar garinsu ya shiga duniya, sa'annan ya zauna ya ba da labarin abin da idonsa ya gane masa. Wannan reshe shi na fi ƙauna. A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in gabatar wa 'yan uwana ɗalibai matafiyan da na fi jin daɗin bin sawunsu, tare da dalilin da ya sa nake ganin mu masu nazarin harshe mun fi kowa bukatar karanta su.

Ni Bayarabiya ce, ba a nono na sha Hausa ba. Na tashi a Ibadan, garin da Hausawa ke kira Badun, kusa da unguwar Sabo wadda aka kafa tun 1916. Kakannin mutanen wannan unguwa fataucin goro da na shanu ne ya kawo su. Ke nan Hausar da ta fara shiga kunnena, a ƙafa ta zo ƙasarmu, a bakin fatake da madugai da 'yan ayari. Haka ta je Salaga da Kumasi, haka ta je Sudan a bakin mahajjatan da suka bi hanyar gabas a ƙasa. Harshen da ya yaɗu ta hanyar tafiya kuwa, bai kamata ɗalibinsa ya jahilci labarin matafiya ba.

MA'AUNIN DA NAKE AUNA MATAFIYI

Ba kowane labarin tafiya ne ke burge ni ba. Wani marubucin zai zaga ƙasashe goma, amma in ka gama karanta shi ba abin da za ka ƙaru da shi sai sunayen otal da kuɗin mota. Saboda haka idan na ɗauki littafi irin wannan, tambayoyi biyu nake yi masa. Ta farko: shin wannan matafiyi yana jin harshen mutanen da yake ba da labarinsu, ko kuwa da tafinta yake yawo? Ta biyu: shin ya yarda cewa shi ne baƙo, ko kuwa yana ganin kowa ne ya kauce hanya sai shi? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma matambayi ba ya ɓata. Wanda ba ya jin harshen gari ba shi da bakin tambaya, sai dai ya kalla ya yi hasashe. Da wannan ma'auni na tsara waɗanda zan ambata a ƙasa.

IBN BATUTA: MAI IDO, MARAS HARSHE

Zan fara da dattijonsu. Ibn Batuta mutumin Tanja ne ta ƙasar Maroko, an haife shi a 1304. Ya bar gida a 1325 da niyyar aikin hajji, tafiyar da ta miƙe ta kai shi Indiya da Sin da gabashin Afirka, ta cinye kusan shekara talatin ta rayuwarsa. Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta fi shafarmu, domin a 1352 ya ƙetare Sahara ya shiga daular Mali a zamanin Mansa Sulaiman, ɗan uwan Mansa Musa. Bayan ya koma gida ne sarkin Fas ya sa wani malami mai suna Ibn Juzayy ya rubuta labarin daga bakinsa.

Abin da ɗalibin Hausa zai tsinta a nan shi ne batun Takedda, wani gari da ke cikin ƙasar Nijar ta yanzu, inda ya sauka a 1353. Ya ce ana haƙar jan ƙarfe a wurin, ana kai shi Borno da kuma wata ƙasa da masana da yawa suka fahimci cewa Gobir ce. Wannan na daga cikin tsofaffin wuraren da aka ambaci wani yanki na ƙasar Hausa a rubuce. Haka kuma ya yaba wa mutanen Mali kan zaman lafiyar hanyoyinsu da ƙin zalunci da himmarsu wajen sa yara haddar Alƙur'ani.

Sai dai Ibn Batuta ba ya jin harshen Mali. A fada ma akwai wani tafinta mai suna Duga wanda ta bakinsa ake magana da sarki. Wannan ya sa sau da yawa sai ka ga ransa ya ɓaci a kan abin da bai gane ba. Misali, da sarki ya aiko masa da abincin baƙunta, ya sa rai zai ga riguna da dukiya kamar yadda ya saba samu a fadojin gabas, sai ya tarar da gurasa uku da yankin soyayyen nama da ƙwaryar nono. Ya raina kyautar ƙwarai. Ni da na karanta wurin dariya na yi, domin duk wanda ya san al'adar yankinmu ya san tarbar baƙo da abinci girmamawa ce. Ina karanta Ibn Batuta saboda kaifin idonsa, amma kullum ina tuna cewa kunnensa a toshe yake.

BARTH: BATUREN DA YA KOYI HAUSA

Shekara ɗari biyar bayan haka wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya taso daga Tarabulus a 1850 cikin ayarin da gwamnatin Ingila ta turo. Su uku ne Turawa: shi da James Richardson da Adolf Overweg. Richardson ya rasu a 1851, Overweg ya bi shi a 1852, Barth kaɗai ya koma gida a 1855. Ya shiga Agadas da Katsina da Kano da Kukawa da Yola da Sakkwato da Gwandu, ya kai har Tambutu a 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakkai ya ba shi mafaka. A hanya sunan Abdulkarim yake amsawa.

Bambancin Barth da sauran Turawan zamaninsa shi ne harshe. Ya iya Larabci tun kafin ya taso, a hanya kuma ya koyi Hausa da Barbarci, ya tattara kalmomin wasu harsunan da dama waɗanda daga baya ya buga a littafi na musamman. Saboda haka yakan zauna da malamai da fatake da bayi ya yi hira da su baki da baki. A Gwandu ya samu kwafin Tarikh al-Sudan ya kwafi sassa daga ciki, abin da ya nuna wa Turai cewa mutanen wannan yanki suna da rubutaccen tarihinsu. Da ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazaunanta sun kai 30,000, ya ce adadin kan ninka a lokacin da fatake suka cika gari. Ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Bai ɓoye munin cinikin bayi ba, har ya ba da labarin wani hari da ya gani da idonsa, wanda rundunar Borno ta kai ƙasar Musgu. Littafinsa ya fito cikin mujalladi biyar a 1857 zuwa 1858.

Duk da haka, mai karatu ya riƙa tuna wanda ya aiko shi. Taswirar da ya zana da bayanan da ya tara sun shiga hannun gwamnatocin Turai, kuma shekara 52 bayan shigarsa Kano, a 1903, sojojin Ingila suka ci birnin da yaƙi. Wannan bai rage darajar aikinsa ba, amma ya koya mini cewa duk labarin tafiya yana da mai shi, yana kuma da wanda aka rubuta dominsa.

DORUGU: YARON DA YA MAYAR DA KALLO

Idan aka ce in zaɓi ɗaya tak, Dorugu zan ɗauka. Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, an kama shi bawa tun yana ƙaramin yaro, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Overweg a Borno, wanda ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu, sai shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega suka ci gaba da yi wa Barth hidima. Tare da shi suka je Tambutu suka dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa, suka ratsa Faransa suka isa Landan a 1855. A littafin Barth akwai zanen hoton yaran nan biyu, amma labarinsu kaɗan ne a ciki.

A Ingila wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya ɗauki Dorugu ya zauna da shi. Ya sa shi ya riƙa ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Wannan taska ce ta taimaka wa Schön wajen littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, kuma labarin Dorugu ya fito a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ashe ke nan, 'yan uwana, nahawun da muke fama da shi a aji, ɗaya daga cikin tubalansa na farko bakin wani yaro ne da bai kai shekara ashirin ba, wanda aka taɓa sayarwa a kasuwa.

Abin da ya sa nake ƙaunar labarinsa shi ne, a nan kallo ya juya. Mun saba Bature ya zo ya kalli Bahaushe ya rubuta. A wurin Dorugu kuwa Bahaushe ne ke kallon Bature, yana bayyana gidajensu da tufafinsu da yadda suke zama cin abinci a tebur, kamar yadda su ma suke bayyana namu a matsayin abin mamaki. Ba ya yin fariya, ba ya kuma ƙasƙantar da kansa. Hausarsa mai sauƙi ce, jimlolinsa gajeru ne irin na mai magana, shi ya sa ɗalibi mai koyo irina zai iya bin sa, in dai ya jure wa tsohuwar ƙa'idar rubutun Schön. Bugu da ƙari, ga mai nazarin karin harshe, samfuri ne na Hausar da aka yi magana da ita fiye da shekara 160 da suka wuce.

Dorugu ya dawo gida, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano. Ya rasu a 1912. Abbega kuwa ya riƙe sarautar Lokoja. Wanda ba zai samu Magana Hausa ba, ya nemi fassarar da Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971, wadda ta haɗa labarin Dorugu da na Maimaina, jikan Abbega.

Akwai wani zare a nan da ya taɓa ni a matsayina ta Bayarabiya. Shi wannan Schön ya yi tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma yaro ne da aka kama bawa a ƙasar Yarabawa, daga baya ya zama jigo wajen rubuta harshen Yarabanci da boko. Yara biyu, bauta ta tumɓuke su daga gida, kowannensu ya zama sanadin shigar harshensa cikin littafi. Harshen uwata da harshen karatuna sun haɗu a hanya tun kafin a haɗa Nijeriya a 1914.

ABUBAKAR IMAM DA MALAM AMINU KANO

Dorugu da baki ya ba da nasa labarin. Wanda ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya rubuta mana tafiyar Turai da Hausa shi ne Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka gayyaci wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila, cikinsu har da shi da Nnamdi Azikiwe. Abin da ya gani ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

Mu ɗalibai mun fi sanin Imam da Magana Jari Ce, amma a wannan littafi za ka ga wata gwaninta tasa daban. Yana rubuta wa mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba, saboda haka dole ya nemo hanyar bayyana baƙon abu da kalmomin gida. Duk wanda ke sha'awar fassara ko ƙirƙirar sababbin kalmomi, to ga makaranta. Tafiyar kuma tana da nauyin siyasa. A can ne Azikiwe ya shirya takardar neman 'yancin kai ga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, Imam kuwa bai sa hannu ba. A can kuma ya gana da tsohon Gwamna Lugga ya faɗa masa matsalolin Arewa. Ɗan Kudu da ɗan Arewa sun yi tafiya ɗaya, sun ga Ingila ɗaya, amma kowa da abin da ya ɗauko. Wanda yake son ya fahimci inda saɓanin siyasarmu ya samo asali, ya dubi wannan tafiya da kyau.

A gefensa sai a ajiye Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatun koyarwa a Landan a 1946 zuwa 1947. Shi ma labarin tafiya ne, kuma yana da kyau a karanta shi ana tuna irin gwagwarmayar da marubucin ya yi wa talakawa a rayuwarsa. Kafin su duka biyu, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila tun 1921. Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi nazarin irin waɗannan tafiye-tafiye na sarakuna da 'yan bokon Arewa a littafinsa Emirs in London na 2022, ga mai son ƙarin bayani.

AJALA: NA WAJENMU

A ƙasar Yarabawa, idan yaro ya cika yawo sai uwarsa ta kira shi Ajala. Da yawa daga cikin masu faɗar sunan ba su san mutum ne na gaske ba. Olabisi Ajala ya yi suna ne tun 1952, lokacin da yana ɗalibi a Amurka ya tuƙa keke daga Shikago zuwa Los Anjalis. Daga baya ya hau ƙaramin babur ƙirar Vespa, sanye da babbar riga da hula, ya ratsa ƙasashe masu yawa. Ya ga Nehru na Indiya da Khrushchev na Tarayyar Sobiyat da Golda Meir ta Isra'ila, har ya taɓa kutsawa da babur ɗinsa ta iyakar da ta raba birnin Ƙudus biyu a wancan zamani. Littafinsa An African Abroad ya fito a 1963. Ya rasu a Legas a 1999 cikin rashin wadata.

A bisa ma'aunina Ajala ba zai ci maki mai yawa ba, domin da Turanci yake yawo, kuma hankalinsa ya fi karkata ga manyan mutane da kuma kansa. Amma ina jinjina wa ƙarfin halinsa. A zamanin da ake ganin baƙar fata abin kallo ne kawai, shi ya fita a matsayin mai kallo, bai nemi izinin kowa ba. Magadansa suna nan. A 2022 Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas domin yaƙi da cutar shan inna, a 2024 kuma wata matashiya, Pelumi Nubi, ta yi wannan tafiya ita kaɗai a cikin ƙaramar mota.

NOO SARO-WIWA: BAƘUWA A GIDA

Mace ɗaya da ke cikin jerina ita ce Noo Saro-Wiwa, 'yar marubucin nan Ken Saro-Wiwa da gwamnatin soja ta rataye a 1995. A Ingila ta girma, kuma bayan kisan mahaifinta ta daɗe tana ƙyamar Nijeriya. Daga baya ta dawo ta yi watanni tana zaga ƙasar, daga Legas da Ibadan zuwa Abuja da Kano da Jos, har kan duwatsun Sukur, ta gangaro Kalaba da Fatakwal. Littafinta Looking for Transwonderland ya fito a 2012, sunan kuma daga wani wurin wasan yara ne da aka taɓa yi a garinmu Ibadan.

Ina son ta saboda ba ta yi wa ƙasar kwalliyar ƙarya ba, ba ta kuma yanke mata ƙauna ba. Amma da na zo babin Arewa sai na riƙa jin wani giɓi. Tana kallo da kyau, sai dai hirar kasuwa da barkwancin cikin mota da habaicin mata duk sun wuce ta, tunda ba harshenta ba ne. A nan na gane cewa abin da muke koyo a wannan sashe jari ne da ko ƙwararrun marubuta ba su da shi.

GIƁIN DA KE JIRAN MU

Mai karatu zai lura cewa Hausawan da na ambata duk Turai suka ba mu labari. Littafin da nake marmarin karantawa shi ne na ɗan Katsina da ya sauka Onica ko Abakuta ya rubuta abin da ya gani da Hausa, ko na 'yar Ijebu ko ɗan Inugu da ya zaga Zariya da Daura da Argungu ya rubuta da harshen masu masaukinsa. Tsakanin Legas da Kano wajen kilomita 1,000 ne, kullum motocin tumatir da albasa da shanu suna gangarowa, na goro da manja suna haurawa. Direbobi da 'yan kasuwa sun san hanyar kamar tafin hannunsu, amma labarinsu a baki yake tsayawa.

Wannan giɓi ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin abokaina na Kudu ba su san Arewa ba sai ta labarin tashin hankali, kamar yadda wasu 'yan Arewa ba su san Kudu ba sai ta irin wannan hanya. Kuma tsoron yana da tushe. Wanda ya tuna harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ba zai ga laifin uwar da ta hana ɗanta tafiya ba. An kafa shirin bautar ƙasa a 1973 domin matasa su san juna bayan yaƙin basasa, amma yau da yawa da zarar sun ga an tura su nesa sai su shiga neman canji. Idan ƙafa ta daina zuwa, alƙalami kuma bai rubuta ba, to ji-ta-ji-ta ce za ta cike gurbin, ita kuwa ba ta taɓa haɗa kan mutane ba.

Lokacin da ajinmu ya je Kano domin zama cikin masu harshe, sai da na sha fama kafin mahaifiyata ta amince. Tafiyar ta tabbatar mini da cewa gani ya kori ji. A cikin mota wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi awa biyu ba ta ce mini uffan ba. Da muka tsaya shan mai na ce mata, "Sannu da hanya, Mama, ko in sayo miki ruwa?" Sai ta dube ni ta ce, "Ikon Allah! 'Yar nan, ashe kina jin Hausa?" Daga nan har muka sauka ba ta bar ni da yunwa ba, ta ba ni labarin jikokinta da tsadar taki da yadda ake gane gero mai kyau. A Kano na hau Dala, inda Barth ya tsaya ya zana hoton birnin, na ga marinar Ƙofar Mata, na shiga kasuwar Kurmi, na kuma ziyarci Gidan Ɗan Hausa ina tuna Dorugu. Duk inda na buɗe baki da Hausata mai ɗauke da karin Yarabanci, dariya ake fara yi, sa'annan a gyara mini, sa'annan a ba ni wurin zama. Abin da na ji a waɗannan makonni babu shi a jarida ko ɗaya.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da mu karanta waɗannan matafiya, sa'annan mu yi koyi da su. Ba sai mun je Landan ba. Wanda ya je hutu garinsu, ko ya bi motar kasuwa zuwa Mokwa, ko ma ya shiga Sabo ko kasuwar Mile 12 ya wuni, yana da abin rubutawa. Ya riƙe ɗan littafi a aljihu. Ya rubuta ranar da ya tashi da garuruwan da ya ratsa da abin da ya ci da kuɗin da ya biya, domin irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne masu tarihi ke nema bayan shekara ɗari. Ya rubuta kalmomin da ya ji a tasha daga bakin 'yan kamasho da kwandastoci, waɗanda ba ya samu a ƙamus. Ya bambanta abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Kada ya yanke wa gari hukunci saboda mutum ɗaya da ya ɓata masa rai, kada kuma ya ɓoye abin da ba shi da kyau don neman yabo. Fiye da komai, ya yi tambaya, ya saurara.

Ina kuma roƙon hukumar wannan mujalla da ta ware shafi ɗaya a kowace fitowa domin labarin tafiya, malamanmu kuma su taimaka a samar da kwafin Tafiya Mabuɗin Ilmi da Motsi Ya Fi Zama da Magana Hausa a ɗakin karatun sashe. Masu Hausa a matsayin harshen uwa su rubuta mana yadda suka ga Kudu, mu masu koyo mu rubuta yadda muka ga Arewa, mu riƙa gyara wa juna. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.